Fitilar Baffa Na'Allah

Duk wanda ya zauna a unguwarmu ta Hausawa a Rumuokoro, nan Fatakwal, ya san Baffa Na'Allah da hali ɗaya. In ya zo ƙofar gida ya yi sallama aka amsa, ba ya shiga. Sai ya tsaya ya ce, "Wa ya amsa?" Sai an faɗa masa suna, ko mai amsar ya leƙo sun haɗa ido, sannan ya cire takalmi. Yara sun sa masa Wa-ya-amsa, suna faɗa in ya ba da baya. Matan makwabta kuwa cewa suke wutar lantarki ce ta taɓa jansa a wurin aiki, ta bar masa ɗan taɓi. Wuta ba ta taɓa jansa ba. Ni na san asalin abin, domin a gidanmu ya faru, kuma a kan mahaifina.

Sunan mahaifina Falalu. Na rubuta ne don takarda ce, a baki kam ban taɓa faɗa ba. A gidanmu ma babu mai faɗa. Kakata, Inna Mero, ɗan farinta ne, saboda haka kunya ta hana ta, in zance ya kama dole sai ta ce "wancan," ko "yayan Na'Allah." Ko lafiyarsa ba ta tambaya. In yana zazzaɓi sai ta dama kunu ta miƙo mini ta ce, "Kai ɗakin can," tana kallon wani wuri. Ummana Hajaratu kuma mijinta ne, sai dai "Malam." Ni Baba nake cewa, Baffa ya ce Yaya. Mutum yana da suna mai daɗi, amma sai a bakin titi yake jin sa.

Su Baba a Asata aka haife su, cikin Enugu, inda kakanmu Malam Gimba ke fataucin goro. Da ƙasa ta rikice, gab da yaƙi, ya sa iyalinsa a mota zuwa Arewa, ni ina goye a bayan Umma, ya ce zai kulle gida ya biyo baya. Bai biyo ba. Suka zauna a Kano wajen dangi, su Baffa in sun manta su ɓarke da yaren Ibo a tsakar gida a yi ta musu dariya. Da aka gama yaƙi Inna ta ce a koma.

Wannan labarin ta ba ni shi ya fi a ƙirga. Sun sauka Asata da hantsi, gidan yana nan, har da bishiyar gwanda. Baffa, lokacin yana saurayi, ya matsa ya yi sallama. Daga ciki wata murya ta namiji ta amsa, cikakkiyar amsa, da Hausa tsantsa, har da "wa rahmatullahi." Inna ta saki ƙullin kayan da ke kanta. Sai ga wani dattijo Ibo ya fito, wanda ya tashi a Jos, shi ma gudu ya dawo da shi gida, ya sami gidan a buɗe ya zauna yana tsaronsa. Mutumin kirki ne. Ya kawo butar Malam Gimba da carbinsa, ya ce makwabta sun ce ya fita wata safiya bai dawo ba. Inna ta karɓi butar, ta yi godiya, ta ƙi shiga. In ta kawo nan a labarin kullum sai ta ce, "Ba kowace amsa ce ta mai gida ba."

Shi ya sa muka gangaro Fatakwal, inda aka ce mai yana tsiyaya, aiki ya fi mutane yawa. Baba ya iya inji, ya kama gyaran janareta. Baffa kuma ya kafa tebur a tashar motar Rumuokoro yana gyaran rediyo. Hannunsa ba ya rawa, yana iya ɗiga dalma a kan abin da bai kai ƙwayar gero ba. Wani injiniya ya kawo masa rediyon mota, ya tsaya yana kallon hannun, mako bai zagayo ba aka kira shi wani kamfani a Trans-Amadi, irin masu yi wa masu haƙar mai hidima. Sun kawo kwamfuta daga waje suna neman wanda zai riƙa haɗa mata wayoyi. Daga baya shi ya yi wa Baba hanya, aka ɗauke shi kula da janareta a wata tashar tura mai da ke can cikin ruwa, inda sai da jirgin ruwa ake zuwa. Mu Tsibiri muke ce wa wurin. Baba kan yi makonni a can, ya zo hutu, ya koma.

Na taɓa ganin kwamfutar sau ɗaya, ranar da makarantarmu ta kai mu. Girmanta ya kai kabad biyu, tana cikin ɗaki mai sanyi kamar randa, ba a shiga da takalmi. Ita kaɗai ba ta gani, ba ta ji, ba ta rubutu. Sai an haɗa mata na'urar buga takarda, da allunan da ake dannawa ana karantawa, da akwatin rediyon da ke kawo mata labarin tashoshin cikin ruwa. A bayanta akwai ramuka a jere, kowanne da wayarsa. Baffa ƙofofi yake ce musu. A gaba kuma kowace ƙofa tana da 'yar fitila kore, ƙarama kamar idon kaza.

Wata Lahadi ya zo gida da aikin da bai gama ba, ya baza a tabarma a tsakar gida. Baba yana hutu. Idi mahauci, abokin Baffa tun Asata, wanda ke fawa a mayankar Trans-Amadi, ya kawo wa Inna kayan ciki ya zauna shan ruwa. Ya ɗauki filogi guda yana juyawa, abu mai faɗi kamar ƙaramin akwatin ashana, da haƙora siri-siri a layi biyu.

"Injiniya, wannan fa? Matsefin aljanu?"

"Ajiye kar ka shafa masa kitse. Wannan namiji ne, mai haƙora. Ga macen can, mai ramuka."

Idi ya kwashe da dariya har ya ƙware. "Inna, kin ji ɗanki? Mu muna nema masa mata, ashe shi ɗaurin aure yake yi a ofis!"

"Rabu da shi," in ji Inna, tana tankaɗe. "In ya gama aurar da ƙarafa ya tuna da kansa."

Baffa bai kula su ba. Ya ce Turawa siriyal suke ce wa irin wannan haɗin, domin magana ba ta wucewa a dunƙule, sai ɗaya bayan ɗaya. "Kamar shanunka, Idi, in za su shiga mayanka. Hanya ɗaya ce, ba sa jerawa biyu." Ya nuna haƙoran da bakin sukundireba. Na biyu baki ne, da shi ake faɗa. Na uku kunne ne. Na bakwai ƙasa ce, wadda dukansu suke tsaye a kai. In ka haɗa baki da baki, kowa na surutu ba mai ji.

"Gidan Idi ke nan," in ji Baba.

"Kai Malam, ka ci amanata!"

"Amma waɗannan biyun na fi so," in ji Baffa. "Na huɗu sallama ne, na biyar amsa. Kwamfuta ba ta faɗa wa abu magana kai tsaye. Sai ta yi sallama ta nan, ta jira. In na can ya amsa ta nan, fitila ta kama, sannan ta shiga."

Inna ta dakata da tankaɗe. "To ai wannan ta fi yaran yanzu tarbiyya."

Ni ce na tambaya, in ba a amsa ba fa?

"Sai ta tsaya a ƙofa har tashin ƙiyama, ƙararrawa tana ta bugawa. Sai dai akwai dabara. In muna gwaji, ba kowa a ɗaya gefen, sai mu ɗauki ɗan guntun waya mu liƙa na huɗu da na biyar. Sallamarta ta zagayo ta dawo mata, ita kuwa ta ɗauka amsa ce."

"A'a," in ji Inna. "Wannan kuma ɓarawo ne ke haka. Ya yi sallama ya amsa wa kansa."

Aka yi dariya aka wuce. A wannan zaman ne Baffa ya ce ƙofa ta shida ita ce ta Tsibiri. Rediyon can da wutar janaretan Baba yake aiki, saboda haka muddin fitilar ƙofa ta shida na ci, injin Baba na tafiya, wato Baba na tsaye a kansa. In ta mutu ƙararrawa za ta buga a Trans-Amadi.

Baba ya ce, "Ashe kana leƙena. To ka sani kowace Juma'a da azahar nake kashe shi in canja masa mai. Ka ɗauka gaisuwata ce."

"Da azahar ina masallaci, Yaya. Ibinabo ce ke shan ƙarar, ita ke zama a ɗakin. Kullum sai ta yi mini ƙorafinka."

Inna ta ci gaba da tankaɗenta. Amma ranar da Baba ya koma, da Baffa ya shigo bayan magariba, tana miƙa masa ruwa sai ta ce, kamar mai tambayar farashin manja, "Fitilar nan taku tana ci?"

"Tana ci, Inna."

Tun daga ranar ya zama ƙa'ida. Shekara da shekaru ba ta da hanyar tambayar ɗanta, yanzu ta samu. Umma ma in ta ji ƙarar babur ɗin Baffa sai ta sami abin yi kusa da ƙofa, ta kasa kunne. Ni ma haka. Mu uku muka rataya zuciyarmu a jikin abin da ni sau ɗaya na gani, su kuwa ba su san yadda yake ba sai a baki.

Daminar shekarar da nake aji uku ta zo da ƙarfi. Tun farkonta aradu ta faɗa wa eriyar kamfanin, su Baffa suka yi kwanaki suna gyara da gwaje-gwaje, yana dawowa a gajiye, ido ja. Ba a jima ba rigima ta tashi tsakanin kamfanin da mutanen ƙauyen da ke bakin hanyar Tsibiri. Mai ya malala ya kashe musu kifi, suka gitta itatuwa da kwale-kwale suka tare mashigar. Kamfani ya tsayar da tura mai, ya kwashe ma'aikata, aka kulle ɗakin rediyo aka tafi da makulli. Baba kaɗai aka bari, da buhun garin rogo da shinkafa da gangunan man inji, don wuta ta ci gaba. Da yake ba a tura mai, ba wani labari da ake jira daga can. Manaja ya ce da Baffa kada ya damu: ranar da fitilar ta mutu, ko ta wane hali za a tura jirgi. Haka aka faɗa wa Baba kafin a bar shi.

Lokacin hutunsa ya zo ya wuce. Ruwa kullum, kwatoci sun cika, bango ya yi kore. Tufafin Baba da Umma ta wanke ta goge suka fara warin raɓa a cikin akwati, ta fito da su ta sake gogewa.

"Tana ci?"

"Tana ci, Inna. Ko ƙiftawa ba ta yi."

Wata rana Umma ta dawo daga kasuwa ba ta sayo komai ba. Ta ce wata mai kifi, 'yar can cikin ruwa, ta ce mijinta ya bi ta bayan tashar bai ji ƙarar inji ba, kuma ungulaye na zama a kan rufin. Umma ta faɗi wannan ne tana fuskantar murhu, ba ta ce da kowa ba. Da Baffa ya zo na gaya masa.

"Tashoshin nan suna da yawa, Zuliha, duk kamarsu ɗaya," in ji shi. "Da idona na gan ta yau. Mai kifi za ki yarda da ita ko na'ura?"

Na so in ce a je a duba. Umma ma na san ta so. Amma mace ba ta nuna zaƙuwa a kan miji a gaban uwarsa, uwar kuma ba ta nuna zaƙuwa a kan ɗan fari a gaban kowa. Inna ta ce, "Tunda tana ci, ai shi ke nan," ta shiga ɗaki. Na lura ta daina cin abincin rana. In na yi magana ta ce, "Ke kishiya, ki ci naki, kar ki sa mini ido," irin wasan da muke yi, amma muryar ba ta wasa ba ce.

Wata Juma'a aka wayi gari da ruwa kamar da bakin ƙwarya. Hanyar Trans-Amadi ta shafe, motoci suka tsaya, Baffa da ya riga ya isa kamfani ya kasa fita masallaci. Ya yi sallarsa a baranda, sai ya tuna da maganar Baba. Ya ce bari yau dai ya karɓi gaisuwar yayansa da kansa. Ya ja kujera gaban kwamfutar ya zauna yana kallon fitila ta shida.

Azahar ta yi. Ta wuce. Fitilar na nan kore shar. Ya ga ta biyar, ta wata tasha, tana ɗan rawa in aka yi walƙiya, kamar mai numfashi. Ta huɗu ma haka. Ta shida kuwa ko motsi.

Ya juya wajen Ibinabo, matar da ke kula da ɗakin, ya tambaye ta da Buroka, Turancin kasuwa, yaushe rabon da ƙararrawar ƙofa ta shida ta buga.

Ta yi dariya ta ce, "E don tey o!" Wato an daɗe. Ta ce tun gyaran eriya ba ta sake damunta ba, har tana cewa a ranta yayan Na'Allah ya shiryu.

Baffa ya ce a lokacin ya ji sanyin ɗakin ya shiga ƙashinsa. Ya zagaya bayan na'urar, ya durƙusa, ya kwance murfin filogi na shida. Ga shi nan: ɗan guntun waya, bai kai tsawon farce ba, a liƙe tsakanin haƙori na huɗu da na biyar. Dalmar ta kwanta sumul, tana ƙyalli. Babu mai irin wannan hannun a kamfanin sai shi. Shi ne ya liƙa ta ranar gwajin eriya, don ƙararrawa ta bar su su yi aiki, ya cire na sauran ƙofofin, wannan ta shige masa.

Ya sa almakashin waya ya datse. Ibinabo na gaba tana kallo. Fitilar ta mutu nan take, ƙararrawa ta ɗauka.

Ba wanda zai iya cewa tun yaushe. Ko jiya injin ya tsaya, ko tun ranar da jirgi ya juya ya bar shi.

Manaja bai yi faɗa ba, ya dai dafe kai, ya aika a nemi dattawan ƙauyen su ba da hanya. Aka ce sai da safe.

Da yamma muka ji babur. Ruwa ya tsagaita, tsakar gida duk taɓo. Baffa ya shigo bai cire rigar ruwa ba. Inna ta miƙa masa kofi.

"Tana ci?"

Bai karɓi kofin ba. Ya durƙusa a gabanta cikin taɓon, ya buɗe tafin hannunsa. Guntun wayar ne.

"Inna, ta mutu. Dama ba Yaya ke amsawa ba. Ni na sa ta tana amsa wa kanta, na manta."

Umma ta zauna a ƙasa inda take tsaye. Inna ta daɗe tana kallon abin da ke hannunsa. Ba ta tambayi ma'anarsa ba, ta tuna zaman tabarma sarai.

"Tun yaushe?"

"Ban sani ba, Inna."

Ta ajiye kofin a hankali. Ta ce, "Na'Allah, tashi. Je ka nemo mini Falalu."

Ban taɓa jin sunan a bakinta ba, Umma ma ba ta taɓa ji ba, Baffa kansa da suka fito ciki ɗaya bai taɓa ji ba. Ya faɗo tsakar gidan kamar an saki tulu. Tsoron da na ji a lokacin ya fi na labarin fitilar, domin na san Inna ba za ta faɗi sunan nan ba sai in ta ɗauka mai shi ba ya duniya.

Abin da ya biyo baya daga bakin Idi na ji, domin ya rufe teburinsa ya bi Baffa. Ya ce mutanen ƙauyen sun janye itatuwan ba gardama da suka ji mutum ake nema, amma ba wanda ya yarda ya haɗa ido da su. Jirgin ya yi ta kutsawa ta ƙananan hanyoyi, itatuwa masu saiwa a waje sun rufe sama, ruwan baƙi da shuɗin mai a kansa. Baffa na zaune a gaba. Tun daga nesa suka ga rumfar janareta ta ƙone, kwanon ya lanƙwashe. A ɗakin kwana tabarmar Baba na shimfiɗe, ga buta, ga tukunyar shinkafa ta yi furfura.

Baffa ya tsaya a ƙofar da take buɗe, ɗakin da yake gani ba kowa, ya yi sallama. Ya sake. Idi ya ce, "Haba Na'Allah, wa zai amsa maka?" Ya yi ta uku da ƙarfi har tsuntsaye suka tashi.

Sai wani tsoho ya ɓullo cikin kwale-kwale daga bayan saiwoyi. Ashe ya daɗe yana kallonsu. Ya yafito su da hannu.

A wata bukkar masunta suka sami Baba, kwance a kan gadon kara, sai ido da ƙashi. Tiyo ne ya tsage, mai ya fesa a kan inji mai zafi, wuta ta kama shi daga gwiwar hagu zuwa ƙasa. Masuntan sun ga hayaƙi suka ɗauko shi, suna ba shi romon kifi, suna naɗe ƙafar da ganye. Sun ji tsoron kai shi gari, kada a ce su suka ƙona tashar saboda rigima. Shi kuma ya ce musu kada su wahala, jirgi na tafe. Idi ya ce shi da ya ƙare rayuwarsa a mayanka, da ya shaƙi warin ƙafar ya san an makara.

Baba ya buɗe ido ya ga ƙanensa. Ya ce, "Injiniya. Ƙararrawar taku ba ta da ƙara ne? Da injin ya mutu na ce alhamdulillahi, yanzu tana bugawa a Trans-Amadi. Kullum ina jin jirgi a kunnena."

Baffa ya faɗa masa gaskiya a nan take, a gaban masunta. Baba ya rufe ido, ya ce, "To. Ɗauke ni dai."

A asibiti aka yanke ƙafar daga saman gwiwa. Likita ya ce da an kawo shi da wuri da magani kawai za a sa. Inna ta je duba shi, ta tsaya daga bakin ƙofar ɗakin, ta miƙo mini kwanon kunu ta ce, "Kai wa wancan." Ba ta sake faɗin sunan ba har Allah ya karɓi ranta. Ba ta kuma sake tambayar Baffa labarin komai ba, ko na ruwa ko na hanya. In tana son sanin abu sai ta yafa mayafi ta je ta gani.

Kamfani bai kore shi ba, sun ce kuskure ne da kowa ke iya yi. Ya zauna har aka canja na'urar, yanzu yana da ɗan shago kusa da tasha, yana haɗa wa bankuna da ofisoshi wayoyin firinta. Masu kawo aiki kan ce ya liƙa musu na huɗu da na biyar, abu ya tafi ba jira, kowa haka yake yi. Sai ya tura musu kayansu ya ce su gwada gaba. Ya yi aure a makare, yana da 'ya'ya biyu, kuma shi ke biya wa Baba duk wata buƙata da ƙafa ke yi, tun daga kasuwa har ɗaukar ruwa, ba tare da an taɓa zancen ba.

Baba yana gyaran ƙananan janareta a zaure, a zaune. Bai taɓa yi wa Baffa gori ba, sai dai tsokana, ita kuwa ba ya gajiya da ita. Kowace yamma Baffa kan biyo ta gidanmu. Jiya ma ya zo, ina wanke-wanke, Baba na ɗaki.

"Salamu alaikum."

Baba ya maƙale murya kamar ta tsohuwa ya amsa.

"Wa ya amsa?"

"Haƙori na biyar ne, Injiniya! Shigo!"

Umma ta yi dariya a madafa. Baffa bai yi ba. Na ce, "Baffa, ai ka san shi ne." Ya ce, "Na sani, Zuliha," bai motsa ba. Yana tsaye a bakin ƙofa, takalmi a ƙafa, kansa a sunkuye, har muka ji Baba ya yi tsaki, gado ya yi ƙara, sandar ta fara buga siminti, ƙwas, ƙwas, tana tahowa. Sannan ya sunkuya ya cire takalminsa.